Lambun lokacin zafi a Ingila: abin da ake saye da abin da ba a saye

Yaya, ka tambaye ni yadda masu lambun gida suke yi a nan Ingila. Abu na farko, ba ruwa ne ke tsara musu lokaci ba kamar yadda muka saba, sanyi ne. Har cikin watan Mayu raɓa na iya daskarewa da dare ta ƙone ƙananan shuka, shi ya sa ake renon tumatir a bakin taga tun Maris, sai ƙarshen Mayu a dasa shi waje. Daga nan sai gudu, domin a Yuni rana na wuce awa 16 a sama, wake ya hau sanda kamar ana jan sa.

Abin da ya fi burge ni fakitin iri. Ka juya bayansa, ga watan shuka, ga zurfin rami, ga tazarar da za a bari, ga ranar da irin zai tsufa. Abin da aka zana a gaba shi ke fitowa. Wallahi wannan amanar nake yi wa manomanmu kwaɗayi, su daina sayen iri a ƙulle a leda sai bayan wata biyu su san abin da suka binne. Sai dai yawancin masu kyan an rubuta musu F1, wato irin da aka yi wa aure. Idan ka ajiye 'ya'yansa, baɗi ba zai fito kamar uwarsa ba, dole ka koma kanti. A wannan fannin kam manominmu mai ɗaure busasshiyar kubewa a rufin ɗaki ya fi su 'yanci.

Wanda ba shi da fili yana iya karɓar haya daga ƙaramar hukuma, tun dokar 1908 aka ɗora mata wannan nauyi. Cikakken fili kusan murabba'in mita 250 ne, amma a Landan sai mutum ya shekara da shekaru yana jiran layi. Taki kuwa a buhu ake sayensa, har da ƙasar reno.

Furanni ba ado kawai ba ne a wurinsu. Za ka ga daliya da labanda a gefen kunyar kabewa, ƙudan zuma na ta kai da kawo, kabewar kuma ta yi 'ya'ya sosai.

Babban abokin gabarsu katantanwa marar ɓawo, dare ɗaya ta tashi da kunyar latas. An haramta fitaccen maganinta mai guba a 2022, yanzu da fitila ake fita tsintarta. A shekarar ne zafi ya kai digiri 40, aka hana ban ruwa da tiyo a wurare da dama, tarar na iya kai fam 1,000.

Kubewa da attarugu kuwa, in ba a ɗakin gilashi ba, da wuya su nuna kafin sanyin Oktoba ya sauko musu.