Asibitin dabbobi na Garwa ya duba mana mage mai gyambon ciki

Jama'a masu kiwon mage a Garwa, asibitin dabbobin nan da muke ɗauka na shanu da tumaki ne kawai, ashe suna duba mage kuma sun san aikinsu wallahi.

Magen Hajiyarmu ce ta daina cin abinci, ko kifin Lagdo aka sa mata gaba sai ta shinshina ta juya, ga amai mai baƙi baƙi kamar garin kofi, kashinta ma baƙi ƙirin yana danƙo. Dokta bai yi mana dariya ba kamar yadda wasu a layi suka yi, ya ɗaga leɓenta ya nuna min dasashin ya yi fari, ya ce jini ne ke tsiyaya a ciki, gyambon ciki ne. Tambayar farko da ya yi, "Hajiya, wani ya ba ta maganin mutane?" Ashe wani maƙwabci ne ya ga tana ɗingishi ya ɓalla mata ibuprofen. Dokta ya ce ibuprofen da diclofenac da aspirin suna cinye bangon tumbin mage, paracetamol kuwa ko ƙwaya ɗaya na iya kashe ta don hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ciwon ƙoda ko ƙari a ciki ko haɗiye ƙashi ma suna kawo gyambon, musamman in mage ta tsufa, shi ya sa ya matsa cikin nata a hankali ya tambayi yawan ruwan da take sha.

An sa mata ruwa, ya rubuta omeprazole mai rage tsamin ciki da sucralfate mai rufe gyambon, wannan a jiƙa shi a ba ta da sirinji kafin abinci kuma a bar awa 2 tsakaninsa da sauran magani. Abinci kuma dafaffiyar kaza ba ƙashi ba yaji ba maggi, kaɗan kaɗan.

Abin da bai min daɗi ba jira ne, masu allurar shanu sun cika wurin ga rana, kuma sucralfate babu a wurinsu sai da na hau mashin zuwa farmasi. Amma kuɗin dubawa bai kai yadda na zata ba. Ku je da sassafe, ku sa magen a kwando mai murfi, in akwai kwalin maganin da ta sha ku tafi da shi.