Sayen RAM na sabar mai firosesa biyu: a ƙirga hanyoyi kafin a ƙirga gigabait

A sabar (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) mai firosesa biyu, RAM, wato ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi, ba tukunya ɗaya ba ce da kowa ke ɗiba. Kowace firosesa tana da nata guraben da ake sa sandunan RAM, da nata hanyoyin da bayanai ke bi tsakaninta da su, tsarin da ake kira NUMA. Idan ta farko ta buƙaci abin da ke ɓangaren ta biyu, sai ta bi gadar da ta haɗa su, UPI a wajen Intel, Infinity Fabric a wajen AMD, kuma wannan zagayen yana ƙara jinkiri. Shi ya sa ake raba sandunan daidai wa daida. Idan kuwa firosesa ɗaya ce kawai a ciki, guraben ta biyu matattu ne, duk sandar da aka sa a can injin ba zai gan ta ba.

Ɗauki Dell PowerEdge R740 ko HPE ProLiant DL380 Gen10, waɗanda ake yawan samu na hannu. Gurabe 24 ne, 12 ga kowace firosesa: hanyoyi 6, gurbi biyu a kowace hanya. Mai son 256GB yakan sayi sanduna 8 masu 32GB, huɗu nan huɗu can. Injin zai tashi lafiya lau, amma hanyoyi biyu na kowace firosesa suna zaune babu aiki, kashi ɗaya cikin uku na faɗin hanyar ya tafi a banza. Gara sanduna 12: masu 16GB su ba da 192GB, masu 32GB su ba da 384GB. A R740 ana fara cika gurabe A1 zuwa A6 na firosesa ta farko da B1 zuwa B6 na ta biyu, masu farin maɗauri, kuma taswirar tana jikin murfin. Firosesar Intel Xeon ta 2021 da AMD EPYC 7003 hanyoyi 8 gare su, EPYC 9004 kuma 12, don haka lissafin ya koma sanduna 16 ko 24.

Sai nau'in sanda. UDIMM na ƙananan injuna ne, waɗannan sabar ba sa karɓar ta, ko da an rubuta ECC (tsarin gano kuskure a bayanai da gyara shi) a jiki. RDIMM tana da ƙaramin guntu da ke riƙe umarni da adireshi, ya rage wa firosesa nauyi, kuma ita ce zaɓin mafi yawan masu saye saboda sauƙin farashi da samuwa. LRDIMM tana tace har da bayanan kansu, hakan ya ba da damar sanduna masu 128GB a zamanin DDR4, sai dai ta fi tsada, ta fi zafi, jinkirinta ma ya ɗan ɗara. In ba rumbun bayanai kake gudanarwa da ke neman terabait biyu ko fiye ba, ba ka da buƙatarta. Kada a haɗa RDIMM da LRDIMM a inji ɗaya, zai ƙi tashi.

Karanta takardar da ke manne a sandar. "32GB 2Rx4 PC4-2933Y" na nufin DDR4, jeri biyu, guntaye masu faɗin x4, gudun 2933. Masu x4 sun fi dacewa da tsarin gyaran kuskure da ke jure mutuwar guntu guda sukutum, don haka a aikin da ba a son ya tsaya, su za a fifita kan x8.

Gudun da aka rubuta ma alkawari ne mai sharaɗi. Xeon Silver 4210 ba ta wuce 2400, Gold 6230 ce ke kai 2933, saboda haka sanda mai 3200 a kan Silver asarar kuɗi ce. Idan aka gauraya masu gudu daban-daban, duka za su sauko matakin mafi rauni. A Xeon na 2023 masu DDR5, sanda ɗaya a hanya tana gudun 4800, in an sa biyu sai ya sauka zuwa 4400. Wannan dalili ne na sayen manyan sanduna kaɗan tun farko, a bar gurbi na biyu don gaba.

DDR4 da DDR5 duk ƙafafu 288 gare su, amma tsagar tsakiya ba wuri ɗaya take ba, ba sa shiga gurbin juna. Kuma kada dillali ya ruɗe ka da cewa kowace DDR5 tana da ECC: wanda ke cikin guntu bai kare bayanai a kan hanyarsu zuwa firosesa ba. Optane kuwa, wata irin ma'ajiyar bayanai ta Intel, kamfanin ya sanar da rufe harkar a 2022, ba abin gina sabon tsari a kai ba ne.

In na hannu za ka saya, nemi lambar kaya iri ɗaya a duk sandunan, ka gwada su da manhajar gwajin RAM ta MemTest86 kwana guda, sannan ka duba rajistar iDRAC ko iLO, wato tsarin sa ido kan lafiyar sabar na Dell da na HPE. Sandar da ke yawan nuna kurakuran da aka gyara, mayar da ita tun kafin wa'adin dillali ya ƙare.