Littafin gwanjon da ya daɗe a kwali: mai bin sawu baƙar fata a Los Anjeles

Tun da mai shimfiɗa littattafai na bakin titin unguwarmu ya koma sayar da cajar waya da murfin baya, sai na koma sayen littattafan gwanjo a wajen wata baiwar Allah da ke tallarsu a WhatsApp. Takan ɗauki hoton bango ta ɗora, in ka ga wanda ya yi maka ka tura kuɗi, ta ba direba a tasha, kai kuma ka je ka karɓa. Kwanakin baya na ce mata ina son labarin binciken kisan kai, amma don Allah ban da James Hadley Chase, domin tun muna sakandare muke karɓa-karɓar littattafansa har na kusa haddace su.

Ta ce, "Malam, akwai wani da ya daɗe a kwali ba wanda ya taya. Jarumin baƙar fata ne, ban sani ba ko zai yi maka."

Na ce, "Hajiya, a sako shi."

Abin da ya iso shi ne Devil in a Blue Dress na Walter Mosley, wanda ya fara fitowa a 1990. Kwafin da na samu irin wanda aka sake bugawa ne bayan fim ɗin 1995, da hoton Denzel Washington a bango. Takardar ta yi ruwan ƙasa, tana warin kwali da ƙura, kuma wani da ya riga ni ya bi wasu layuka da jan biro. Sai da na yi nisa na tarar ganye biyu na tsakiya sun ɓalle daga ɗauri, an cusa su a inda ba wurinsu ba, har na karanta wani mutum yana magana bayan an riga an kashe shi. A hoton da ta turo ba a ga wannan ba. Da na yi mata ƙorafi ta ba ni haƙuri, ta ce ita ma ba ta buɗe ciki ba, ta kuma yafe mini kuɗin mota a saye na gaba. Na manna ganyen da gam, magana ta wuce. Kuɗin littafin duka bai kai abin da nake kashewa a data na mako guda ba.

Labarin a 1948 yake, a unguwar Watts ta Los Anjeles. Ezekiel Rawlins, wanda kowa ke kira Easy, tsohon soja ne da ya yi Yaƙin Duniya na Biyu, ya taso a Houston ta jihar Teksas, ya bi ayarin baƙaƙen fatar da suka baro kudancin Amurka zuwa Kalifoniya neman aikin masana'anta. An kore shi daga kamfanin ƙera jiragen sama saboda ya ƙi sunkuyar da kai ga shugabansa Bature. Yana zaune a mashayar abokinsa Joppy, tsohon ɗan dambe, wadda ke saman wani ma'ajin mahauta inda ƙarnin nama ba ya barin wurin, sai ga wani Bature sanye da farar kwat, DeWitt Albright, ya shigo. Ya miƙa masa dala 100 ya nemo masa wata mata, Daphne Monet, da aka ce tana yawan zuwa wuraren kiɗan jaz na baƙaƙen fata.

Nan ne littafin ya fara kama ni, tun kafin a zubar da jinin kowa. Me ya sa Albright, mai kuɗi da bindiga da hanya, yake buƙatar wani korarren lebura? Saboda akwai ƙofofin da farar fata ba ta buɗewa. In ya shiga haramtacciyar mashayar da ke ɓoye a bayan wani kantin kayan masarufi a titin Central Avenue, kowa zai yi gum, kamar an ga baƙon kare a tsakar gida. Easy kuwa zai shiga ya zauna, a tambaye shi mutanen Houston, ya sayi kwalba ya ajiye, maganar da ake nema ta fito da kanta a cikin hira. Wanzami, mai gadin ƙofa, matar da ke zaune a kanta, duk 'yan gida ne. Wariyar da ta killace mutanen nan a unguwa guda ita ce ta ba shi jarin da ɗan sanda Bature ba shi da shi.

Amma fa kuɗin da yake biya kan wannan jari ba kaɗan ba ne, kuma a ganina wannan ne ya bambanta littafin da duk waɗanda na saba karantawa. A labaran bin sawu na Turawa, in jarumi ya shiga caji ofis yakan ɗora ƙafa kan tebur, ya yi wa sufeto baƙar magana, ya kunna taba ya fita. Easy in ya ga motar 'yan sanda cikinsa ɗurar ruwa yake yi. Akwai wurin da jami'ai biyu, Miller da Mason, suka ɗauke shi daga ƙofar gidansa, suka kulle shi a ɗakin tambaya, suka lakaɗa masa duka ba tare da sun faɗa masa laifinsa ba, sannan suka sake shi cikin dare. Ba lauya, ba wanda zai kai wa ƙara. Mutumin da ya yi yaƙi a Turai, ya kashe sojojin Jamus da hannunsa, ga shi a ƙasar haihuwarsa yana lissafin yadda zai amsa tambaya ba tare da ya ɗaga ido da yawa ba. Don haka kullum bincike biyu yake yi a lokaci guda: wa ya yi kisan, da kuma yadda za a yi kada a rataya masa shi, tunda shi ne baƙin da ya fi kusa da hannu.

Wurin da na ajiye littafin na miƙe na sha ruwa shi ne na bakin teku a Santa Monika. Easy yana tsaye yana jiran Albright da daddare, sai wata yarinya Baturiya ta zo ta fara yi masa hira, hirar banza kawai ta wanda kaɗaici ya dama. Shi kuwa jikinsa ya riga ya gaya masa abin da ke tafe. Yana amsawa a taƙaice, yana waige-waige, yana neman hanyar zamewa ba tare da ya yi mata rashin kunya ba, domin tsayawa laifi ne, tafiya ma laifi ce. Kafin ya ankara samarin da suke tare da ita sun kewaye shi. Ya san zai iya karya su, yaƙi ya koya masa, kuma ya san in ya taɓa ɗaya ya gama yawo. Wanda ya cece shi Albright ne, da bindiga, ya kuma wulaƙanta ɗaya daga cikin yaran yana dariya, ta yadda Easy ya gane mai ceton nasa ya fi maharan haɗari. Babu gawa a wannan babi, amma ya fi duk wuraren harbe-harben tayar mini da tsikar jiki. Wanda ya riga ni karantawa ma a nan ya fi zuba jan bironsa.

Sai maganar gida. Easy ba jarumta ce ta shigar da shi wannan rigima ba, bashin banki ne. Yana da ɗan ƙaramin gida da ya saya, da bishiyar tuffa da ta fiya a gaba, da rumman a gefe, da wata ayaba da ba ta taɓa yin 'ya'ya ba, kuma lokacin biyan wata ya zo ba albashi. Yadda yake son gidan nan har ya fi yadda yake son kowace mace a littafin. Ni da na shekara goma sha ɗaya ina haya, ina da fili a bayan gari da bulo ɗari uku da damina ke ci kowace shekara, ban buƙaci a yi mini sharhi ba. Uwargida ta ga ina murmushi ni kaɗai ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce, "Wani ɗan'uwana na gani a Amurka." Amma nasa ya wuce nawa nauyi. A wancan zamani unguwanni da yawa na Los Anjeles suna da sharaɗi rubuce a takardar gida cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba, kuma a shekarar 1948 ɗin ce Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa kotuna ba za su ƙara tilasta bin irin wannan sharaɗi ba. A shekarar ce kuma Shugaba Truman ya sa hannu kan umarnin kawo ƙarshen wariya a rundunar soja, wato bayan su Easy sun gama yaƙinsu a rundunar da aka ware. Mosley bai tsaya yana karanto wannan tarihi ba. Ya bar shi a cikin tsoron mutumin da ke tsaye a ƙofar gidansa yana tunanin wasiƙar banki.

Harshen littafin yana da daɗi, yana kuma da wuya. Easy baki biyu gare shi: Turancin makaranta da yake yi wa Turawa, da karin mutanen kudu da yake yi a cikin 'yan'uwansa, kuma yakan zaɓi wanda zai yi gwargwadon wanda ke gabansa. Wani lokaci da gangan yake mayar da kansa kamar bai san komai ba, don Bature ya raina shi ya saki baki. Sai dai in Turancinka na jarrabawa ne kawai, shafukan farko za su ba ka wahala, saboda an rubuta hirar yadda ake furta ta, an guntule kalmomi. Dabarar da na samu ita ce in karanta a bayyane. Bayan babi uku ko huɗu kunne ya saba.

Ba zan yi shiru kan Mouse ba, Raymond Alexander, abokin Easy tun daga Houston. Ɗan tsurut ne mai son ado da fara'a, kuma kashe mutum a wajensa kamar kashe sauro ne. Easy yana gudunsa, yana kuma buƙatarsa, domin wanda doka ba ta kare shi dole ya nemi mai kare shi a wani wuri. Duk shafin da Mouse ya shigo sai ka ji kana dariya kana jin kunyar dariyar. A fim Don Cheadle ne ya fito a matsayinsa.

Aibi akwai. Mutane sun yi yawa ga littafin da bai wuce shafi ɗari biyu da 'yan kai ba. Daga tsakiya sai da na ɗauki takarda ina rubuta wane ne wane, ga ɗan takarar magajin gari, ga attajirin da ke neman matar, ga ɗan fashin barasa mai wuƙa, ga gawarwaki suna ta ƙaruwa. Warwarar ƙarshe ta zo da gaggawa, kuma wani ɓangarenta ba wayon Easy ne ya kawo shi ba, bindigar Mouse ce. Matan labarin, ban da ita Daphne, ba a ba su fili ba. Ita kuwa sirrinta ba zan taɓa shi a nan ba, sai dai in ce shi ma a kan launin fata ya tsaya, kuma da na kai wurin sai da na koma baya na sake duba yadda aka siffanta ta tun farko. Sannan gargaɗi ga masu iyali: akwai shan giya kusan kowane babi, akwai ashar da kalmar cin mutuncin baƙar fata, akwai wuraren batsa biyu ko uku da ba a lulluɓe ba, har da zancen lalata da yara. Ba littafin da za a bari a falo ba ne. Ni a cikin durowa nake ajiye nawa.

Mosley ba shi ya fara wannan hanya ba. Chester Himes, wanda ya fara rubutu yana kurkuku a jihar Ohayo, ya ƙirƙiro 'yan sandan ciki biyu baƙaƙen fata na unguwar Harlem ta birnin New York, Coffin Ed Johnson da Grave Digger Jones, tun a shekarun 1950, kuma abin mamaki a Faransa ya fara samun karɓuwa, har aka ba shi babbar kyautar adabin bincike ta can a 1958. Na taɓa karanta ɗaya daga cikin nasa shekarun baya. Nasa ya fi zafi da hauka da ban dariya, kuma jarumansa suna da baje da bindigar gwamnati, matsalarsu ita ce suna tsare dokar da ba ta ɗauke su a bakin komai ba. Easy ba shi da baje, ba shi da ofis, ba shi da lasisi. Ni dai labarin Easy ya fi shiga raina, wataƙila saboda gidan nan da ayabar da ba ta haihuwa.

In za a ba da maki, littafin ya ci takwas cikin goma a wajena, kwafin da aka aiko mini biyar, mai sayarwa kuma bakwai saboda ta amsa kuskurenta ba gardama. Shawarata ga mai sayen gwanjo daga nesa, ya nemi a turo masa ɗan bidiyo ana buɗa shafukan, kada ya tsaya ga hoton bango. Littattafan Easy na farko-farko kowanne da launi a sunansa, shuɗi, ja, fari, baƙi, rawaya, suna bin rayuwarsa yayin da shekaru ke tafiya, har jerin ya kai ga tarzomar Watts ta 1965 wadda mutum 34 suka mutu a cikinta. Na tambayi Hajiya na biyun, A Red Death. Ta ce ba ta da shi yanzu, amma akwai dilar da take jira daga Legas ƙarshen wata, in ta buɗe za ta duba mini. Na ce wannan karon ta ƙirga ganyen kafin ta ba direba.