Kore ko Ja? Amsa ga Mai Charger 6.4 a Jidda

Wani ɗan'uwanmu a Jidda ya sayi Dodge Charger mai inji 6.4, shigowar Amurka. Ya buɗe littafinta ya ga an rubuta 91. Wanda ya sayar masa a haraj, wato kasuwar motoci, ya ce shi koren fetur mai lamba 91 yake zuba mata, bai kuma taɓa ganin komai ba, amma abokinsa ya dage cewa jan fetur mai lamba 95 ne abincinta. Shi ne yake tambaya: tsakanin 91 da 95 wanne zai riƙa sha, kuma jan nan ba ɓarnar kuɗi ba ce kawai?

Allah ya sanya alheri, ƙanena, ya kiyaye hanya. Ja za ka zuba. Abokinka ne da gaskiya, kuma littafin ma ja yake nufi, domin 91 ɗin da ke cikinsa ba shi ne 91 ɗin da ke jikin famfon mahaɗɗa, wato gidan mai, a nan Saudiyya ba.

Ana auna lambar oktan, wato wannan 91 ko 95 da ake rubuta wa fetur, ta hanya biyu. Akwai gwajin RON, akwai na MON, wanda ya fi tsanani, don haka lambarsa ta fi ƙanƙanta. Saudiyya da Turai da mafi yawan duniya RON suke rubutawa a famfo. Amurka da Kanada kuwa sai su haɗa biyun su raba biyu, abin da ya fito shi suke rubutawa, kuma yakan gaza namu da kamar huɗu zuwa biyar. Saboda haka 87 na Amurka shi ne kusan korenmu, 91 nasu shi ne kusan janmu, 93 nasu kuma yana wajen 98. Koma littafin ka duba gefen lambar, za ka ga (R+M)/2. Duk inda ka ga wannan alama, lissafin Amurka ake yi. Motoci nawa ne shigowar Amurka suke yawo tsakanin Jidda da Makka da kore a ciki saboda wannan ruɗani kaɗai? Masu su ba ganganci suka yi ba, 91 suka gani suka sayi 91.

Mu da muka taso a gida, inda famfo ɗaya ne kowa ke bi, fetur dai fetur ne. Shi ya sa da muka zo muka tarar da iri biyu, sai muka ɗauka ɗaya mai kyau ne ɗaya na maleji. Ba haka ba ne. Ƙarfin da ke cikin litar kore da na litar ja kusan ɗaya ne. Launin ma rini ne aka sa don a bambance su. Abin da lambar ke aunawa shi ne juriya: matsi da zafi nawa fetur zai ɗauka kafin ya kama da kansa ba tare da ya jira wutar fulogi ta iso shi ba.

Ga abin da ke faruwa a cikin silinda. Fistin ya taso ya matse iska da fetur, fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta tashi daga nan ta bazu a hankali tana tura fistin ƙasa. Haka ake so. Amma idan matsin da zafin sun fi ƙarfin man, sauran da ke can gefe, wanda wutar ba ta kai gare shi ba tukuna, sai ya fashe gaba ɗaya. Wannan fashewa ita ce ke dukan kan fistin da bangon silinda, kana jin siririyar ƙarar ƙarfe, ƙas-ƙas-ƙas, musamman in ka taka totur a hawa. Makanikan sina'iyya, unguwar gyaran motoci, suna ce mata sarƙa'a. Kaɗan daga cikinta ba ta kashe inji. Mai yawa, a kai a kai, a cikin zafi, tana cin gefen fistin, ta karya ringi, ta ƙona gaskit.

Injinka yana matse iska sau 10.9, kuma an tsara shi ya ba da ƙarfin doki 485. Ba a samun wannan sai an tura tartsatsin gaba sosai, kusa da bakin inda bugun zai fara. Da ja a tanki, kwamfutar motar tana da filin yin haka. Da kore, filin ya ƙuntata.

To me ya sa mai sayarwar bai ga komai ba? Wataƙila ba ƙarya ya yi maka ba. A jikin injin akwai sensa mai sauraren bugu. Da ta ji, sai ta sanar da kwamfuta, kwamfuta ta jinkirta tartsatsin, bugun ya lafa kafin kunnen direba ya kama shi, balle ga esi a kunne ga rurin salansar V8. Motar za ta tashi, za ta tafi, ba fitilar da za ta kama. Sai dai jinkirin nan ba kyauta ba ne. Wutar da ta makara ba ta tura fistin da cikakken ƙarfi, wani ɓangaren zafin yana fita ta salansa a banza, motar ta yi nauyi, kai kuma ka ƙara taka ta ba ka sani ba. Abin da ya fi damuna shi ne sensar ba ta hango bugu, sai ya auku take ji. Ta ja baya, can ta sake gwada matsawa gaba, ta sake ji, ta sake ja. An yi ta ne don ranar da aka yi rashin sa'ar mai, ba don a jingina da ita shekara da shekaru ba.

In kana son ganin girman bambancin a lamba, Mazda ta fito fili ta rubuta nata. Injinta mai turbo na 2.5, wanda ke cikin CX-9 da Mazda 6, yana ba da doki 250 da 93 na Amurka, ya sauko 227 da 87. Inji ɗaya, kwamfuta ɗaya, doki 23 sun tafi saboda mai kawai. Ita Mazda ta yarda a zuba mata ƙaramin, ta faɗi abin da za a rasa. Dodge ba ta ba da wannan zaɓi a 6.4 ba.

Nan ne ya kamata ka karanta littafin da idon ɗalibin fiƙihu, don hukuncin ba ɗaya ba ne. Idan ya ce required, wajibi ne. Idan ya ce recommended, mustahabbi ne: ka yi ka samu ƙari, ka bari ba ka yi laifi ba. Idan kuwa ƙaramin kawai ya ambata, zuba babban halal ne amma ba lada. Charger kanta ta tara duka ukun a jiki ɗaya. Mai inji 3.6 tana shan 87 na Amurka, wato kore ya ishe ta har abada. Mai 5.7 an fi so a ba ta 89, an kuma yarda da 87. Tunda ba a sayar da na tsakiyar nan a Saudiyya, mai ita zai iya shan kore da sanyi a cikin gari, ya koma ja da zafi ko doguwar tafiya. Taka mai 6.4, da yayarta Hellcat mai 6.2 da sufacaja, 91 na Amurka wajibi ne a kansu. Shi ya sa in wani ya ce maka “ai ni ma Charger gare ni, kore nake sha”, tambaye shi wane inji ne kafin ka yi koyi da shi. Mustang GT mai 5.0 tana sahun mustahabbi: Ford ta yarda da 87, amma doki 460 da aka tallata a samfurin 2018 da 93 aka auna su. Su kuwa manyan Jamus irin Porsche da AMG da BMW M, littattafansu da RON suke magana, kuma 98 suka fi so. A gare su ja ma sauka ce, kore kuwa ba a maganarsa.

Sai yanayi, wanda littafin da aka rubuta don Amurka bai yi la'akari da namu ba. Iska mai zafi ta fi saurin jawo bugu. Tsaya a zahamar Jidda, wato cunkoson motoci, da azahar a watan Yuli, esi na aiki, injin ya jiƙu da zafi, sannan hanya ta buɗe ka taka: wannan daƙiƙar ita ce mafi tsanani ga kore. Haka hawan Hada daga Makka zuwa Ɗa'if, mota cike da iyali da kaya. A can saman dutse, Ɗa'if ko Abha, iska ta yi shara-shara, matsin da ke cikin silinda ya ragu, inji marar turbo irin naka yana samun sauƙi. Amma kafin ka kai can sai ka bi ta ƙasa, inda zafin yake da nauyin hawan. Masu turbo ko a saman ba su samun wannan rangwame sosai, domin turbon yana cike gurbin iskar da ta ragu.

Yanzu kuɗi, wanda na san shi ne asalin tambayar. Maganar “kore ya isa” tana da tarihi. A Janairun 2018 litar 91 ta koma riyal 1.37, ta 95 ta koma 2.04. Tazarar halala 67 ce, wato a tanki mai lita 70 irin naka kusan riyal 47 a kowane ciko. A lokacin mutane da yawa sun koma kore, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Amma a Yulin 2021 aka tsayar da farashi a 2.18 da 2.33. Tazarar ta dawo halala 15. Cika tankinka da kore riyal 152.6, da ja 163.1. Riyal goma da rabi ke nan. A ce kana yin kilomita 20,000 a shekara, motar na shan lita 14 a kowace 100: lita 2,800, bambancin riyal 420 a shekara, 35 a wata. Tarar Sahir, kyamarar kama masu gudu, guda ɗaya ta fi ƙarfin abin da za ka tara a wata da watanni, kuma mai irin motarka ya fi kowa sanin hasken kyamarar nan. Daga cikin 420 ɗin ma wani abu zai dawo, tunda injin da ba a jinkirta masa tartsatsi ba ya fi amfana da kowace lita. Ba zan ce maka zai dawo duka ba. Ja ya fi kore tsada da kusan kashi 7 cikin 100, kuma ragin shan mai da wuya ya kai haka. Amma mutumin da ya iya sayen tayoyin wannan mota huɗu, bai kamata ya je neman gira ya rasa ido a kan halala 15 ba.

Kada kuma 'yan'uwa masu Camry da Accent da Hilux su karanta wannan su ruga famfon ja. A motar da aka tsara don 91, ja ba ya ƙara gudu, ba ya rage shan mai, ba ya tsawaita ran inji, domin kwamfutarta ta riga ta kai iyakar da aka shata mata da kore. Ƙungiyar direbobi ta Amurka, AAA, ta gwada wannan a 2016, ba ta ga wata riba ba, ta kuma ƙiyasta cewa Amurkawa sun zubar da dala biliyan 2.1 a shekara guda wajen sayen babban mai ga motocin da ba su buƙatarsa. Mai jigilar fasinja tsakanin Jidda da Madina, wanda ke cika tanki kullum, shi halala 15 ɗin nan kuɗi ne na gaske, kuma kore ne daidai da shi. Maganar cewa a riƙa zuba ja sau ɗaya a wata “don ya wanke inji” ita ma ba ta da tushe a lambar oktan. Wanki aikin sinadaran da ake ƙarawa a mai ne, ba aikin lambar ba. Abin da ya fi tasiri ga tsabta shi ne mahaɗɗar da kake sha: wadda ke da ciniki, manta ba ya kwana, tankunanta na ƙasa ana kula da su.

Idan tafiya ta kai ka wani ƙauye a hanyar Riyad ka tarar ja ya ƙare, kada ka kwana a can. Zuba kore daidai abin da zai kai ka mahaɗɗa ta gaba, ka tafi a hankali, ba taka totur har ƙasa, ba tsere da kowa, ka cike da ja da zarar ka samu. Haɗa su ba ya ɓata komai; rabi da rabi yana ba da wajen 93. Su kuwa kwalaben ƙara oktan da ake jerawa a kantin mahaɗɗa, ban ba ka shawararsu ba. Yawancinsu abin da suke ƙarawa bai kai lamba ɗaya cikakkiya ba, masu ƙarfin cikinsu kuma galibi suna ɗauke da sinadarin ƙarfe da ke barin jan ƙura a kan fulogi, ya kuma wahalar da matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Kuɗin kwalba ɗaya ya fi bambancin tanki guda na ja.

Game da koren da ke cikin tankinka yanzu, ba sai an zuƙe shi ba. Ka lallaɓa ta har ya yi ƙasa da rabi, ka cike da ja, ciko na biyu ya zama ja zalla. Kwamfutar za ta daidaita kanta, ba sai an taɓa ta ba. Amma tunda ba ka san tsawon lokacin da mai ita na farko ya yi yana ba ta kore ba, kai ta warsha, wato gareji, wadda ta san motocin Amurka. A sa mata na'ura a ga nawa take jinkirta tartsatsi in an taka, da ja a ciki; in har yanzu tana ja baya sosai, akwai wani abu ban da mai, ko datti a kan fistin ko sensa ko zafin lagireto. A kuma ciro fulogi a duba bakinsu. Ka shirya aljihu kafin ka je, domin Hemi biyu-biyu take ɗauka a kowace silinda, goma sha shida ke nan.