Na saurari albam ɗin Diwali Riddim, ga yadda na ji shi

Gaskiya in baka san tsarin dansehol na Jamaika ba, waƙa ta uku zaka fara duba wayarka ko ta maƙale ne, don kiɗa ɗaya ne tal tun daga farko har ƙarshe, mawaƙa ne kawai ke canzawa. Haka suke yi a Kingston, furodusa ya haɗa kiɗa, ridim suke ce masa, sai ya riƙa kiran mawaƙa situdiyo kowa ya zo ya ɗora tasa waƙar a kai, babu wanda zai ce an masa sata. Wannan ɗin Steven Marsden ne ya haɗa shi, wanda ake kira Lenky, kamfanin Greensleeves ya fitar a 2002 cikin jerin albam ɗinsu na ridim.

Kiɗan kansa wallahi ba magana. Tafi ne ke jan shi, irin tafin nan mai sarƙa kamar na 'yan mata a dandalin gaɗa, ga bes a ƙasa yana dukan ƙirji in ka sa a sipika mai kyau, a iyafis ɗin ɗari biyar kam asara zakai rabin daɗin baya fitowa. Sunan ma daga bikin Diwali na Indiya aka ɗauko, mu da muka tashi da finafinan Indiya kunnenmu ba zai ji shi baƙo ba.

Abinda yafi burge ni shine tunda kiɗan ɗaya ne babu inda mawaƙi zai ɓuya. Bounty Killer ya shigo da muryar nan tasa mai kauri yana maganar talaka kamar zai ci mutum, Elephant Man shi ihu da zafi ne kawai, sai Wayne Wonder ya zo ya kwantar da komai da No Letting Go, ka rantse wani kiɗan aka sako alhali shine dai. Nan zaka gane waye gwani waye ɗan rakiya, kuma akwai 'yan rakiya a ciki sosai, wasu ina jin baitin farko nake wucewa. Get Busy ta Sean Paul da ta kai lamba ɗaya a Amurka a 2003 ita ma kan wannan kiɗan take, a albam ɗinsa Dutty Rock zaka same ta.

Inda matsalar take, zama ka ji shi a jere yana gundura, dama ba don haka aka yi shi ba, na mai sa kiɗa ne a wajen casu, ya sa minti ɗaya na wannan ya tsallaka na wancan jama'a na ihu. Sannan yarensu na Patwa sai ka kasa kunne sosai, kuma wasu baitocin da batsa, kar ka kunna gaban yara ko a motar haya. Ni dai guda biyar na ware na zuba cikin sauran waƙoƙina, su nake juyawa.