Skyliner 200P da kyamarar ASI174MM wajen ɗaukar hoton tashar ISS: inda suka isa da inda suka gaza

Wanda ya taɓa ganin Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wato ISS, tana ratsa sama bayan faɗuwar rana, ɗigo ɗaya kawai ya gani mai haske kamar Zara, ba ya ƙiftawa, kuma cikin minti huɗu zuwa shida ya ɓace. A cikin ɗigon nan akwai gini mai tsawon mita 109, a tazarar kilomita 420 ko kusa da haka, yana gudun kilomita 7.66 a kowane sakan. Idan ta zo tsakar ka, faɗinta ya kai sakan 53 na kusurwa. Sakan ɗaya na kusurwa shi ne digiri ɗaya an kasa shi gida 3,600. Da wannan lissafi ta ɗan ɗara duniyar Mushtari girma a ido, don haka ƙanƙanta ba ita ce matsalarta ba. Gudu ne matsalar, domin a sakan guda tana cinye kusan digiri ɗaya na sama, faɗin wata biyu ke nan.

Da wannan ma'auni za a auna kayan nan biyu: madubin hangen nesa Sky-Watcher Skyliner 200P, da kyamarar ZWO ASI174MM, tare da gilashin Barlow, mai ninka girman hoto sau biyu, a tsakaninsu.

Skyliner 200P madubi ne na tsarin Newton a kan mazaunin katako irin na Dobson, ba inji, ba batir, hannu ne ke tura shi. Faɗin babban madubinsa milimita 200, tsawon fokas milimita 1,200. A lissafi, madubi mai wannan faɗi yana raba abubuwa biyu da ke da tazarar sakan 0.58 na kusurwa, wanda a nisan kilomita 420 ya yi daidai da mita ɗaya da 'yan kai. Iska ba ta cika barin a kai wannan iyaka ba, amma ko rabinta aka samu, fukafukan sola guda takwas za su fito ɗaya-ɗaya, kowanne mai tsawon kusan mita 35, fararen farantan fitar da zafi za su bambanta da su, kuma dogon ƙarfen da ke riƙe da su duka zai bayyana. A daren da iska ta kwanta har kumbon da ya maƙale a jikin tashar ana iya ganewa. Ta fannin gilashi dai ba abin da za a ce da wannan madubi, ya isa aikin. Ralf Vandebergh, ɗan ƙasar Holan da ya yi suna a wannan fage, da madubin Newton mai faɗin santimita 25 yake bin tashar da hannu, kuma tazarar da ke tsakanin 20 da 25 ba ta taka kara ta karya ba.

Inda 200P ke neman gyara shi ne mazauninsa da ƙaramin madubin saitinsa, wanda ke ɗaure a jikinsa don nemo abin da za a kalla.

Mazaunin yana juyawa ne a kan 'yan ƙananan farantan Teflon, wata roba mai santsi, da ƙusa ɗaya a tsakiya. Don kallon taurari, inda ake ɗan turawa a saki, hakan ya wadatar. Bin abin da ke gudu kuwa wani zance ne daban: mazaunin yakan ƙi motsi da farko, sai an ƙara ƙarfi ya fizge gaba ɗaya, tashar ta fita daga filin da madubin ke gani. Maganinsa mai sauƙi ne. A sassauta ƙusar tsakiya har sai bututun madubin ya juya da turin yatsa biyu, a yanko siraran zobban roba biyu ko uku a zura su a ƙusar tsakanin katakon sama da na ƙasa don su ɗauke wani ɓangare na nauyin, sannan a goge hanyar da Teflon ke bi da man goge mota. Idan zobban suka yi yawa mazaunin zai fara tangal-tangal, sai a rage ɗaya. Hannayen gefe biyu masu ɗaure motsin sama da ƙasa su ma a sassauta su, iyakar dai kada bututun ya sunkuya da kansa.

Akwai kuma illar da gyara ba ya kawarwa. Duk mazaunin Dobson yana rikicewa a tsakar ka, domin idan bututu ya miƙe tsaye ba shi da hannun da za a kama a juya shi, kuma a daidai nan ne tashar ta fi gudu, ana bukatar a juya kusan rabin da'ira cikin 'yan sakanni. Saboda haka wucewar da ta kai digiri 85 ko 90, wadda a takarda ta fi kowacce kyau, ita ce mafi wahala da wannan madubi. Wadda ta tsaya tsakanin digiri 60 da 75 ta fi. A digiri 60 nisan tashar kimanin kilomita 480 ne, asarar ba ta da yawa. A digiri 30 kuwa nisan ya kai kusan kilomita 775, girmanta ya koma sakan 29, ga iskar da haske zai ratsa ta ninka, don haka wucewar da ba ta haura 45 ba ta fi dacewa da gwajin hannu.

Madubin saitin da ke zuwa da shi 9x50 ne miƙaƙƙe, mai giciye a ciki, yana nuna abu a kife. Mutane da yawa suna gaggawar canza shi da mai lanƙwasa saboda ciwon wuya, kuma a wannan aiki kuskure ne. Da miƙaƙƙen ana buɗe ido biyu, ɗaya na kallon sama kai tsaye, ɗaya na cikin madubi, a tura bututu har ɗigon biyu su haɗu. Mai lanƙwasa ba ya ba da wannan dama. Telrad, wani abin saiti mai nuna jajayen zobba a kan sama, yana taimakawa wajen kama tashar tun tana ƙasa-ƙasa, amma shi kaɗai bai isa ba, domin ƙaramin zobensa rabin digiri ne, ya fi filin kyamarar faɗi kusan sau biyu. Abin da ya fi komai muhimmanci a duk wannan aiki shi ne giciyen madubin saiti ya faɗa daidai tsakiyar sensar kyamara. A sa tauraro mai haske a tsakiyar allon kwamfuta, a murɗa sukurori biyun da ke riƙe da madubin saitin har tauraron ya ɓuya a bayan mahaɗar giciyen, a kawar da bututu, a dawo da shi da giciye kaɗai, a duba ko tauraron ya dawo allo. A maimaita sau uku. Tauraron arewa ya fi sauƙi ga wanda ke iya ganinsa, tunda ba ya gusawa. Mariƙin madubin saitin yana da sandar sifirin da zoben roba, kuma ɗan bugu kaɗan yana gusar da shi, shi ya sa ake sake duba saitin minti biyar kafin tashar ta ɓullo.

Abin daidaita fokas na 200P irin na Crayford ne mai gudu ɗaya. Yana da santsi, amma yankin da hoto ke fita tar bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kuma ɗaure sukurin kulle yakan ɗan gusar da shi. A yi fokas a kan tauraro da marufin Bahtinov, wani murfi mai tsage-tsage da ake sawa a bakin bututu don gane daidaiton fokas, a kulle, a sake dubawa, sannan a cire marufin. Mantawa da shi a bakin bututu ya lalata wa mutane wucewa masu kyau. Madubin yana zuwa da adafta biyu, ta inci 2 da ta inci 1.25, kuma ɗaya ake sawa, idan aka ɗora su a kan juna fokas ba zai samu ba. A fitar da madubin waje minti 45 zuwa awa ɗaya kafin lokaci don zafinsa ya daidaita da na iska, a kuma duba saitin madubansa biyu, tunda Barlow yana tona duk wata karkata.

Sai kyamara. ASI174MM tana ɗauke da sensar Sony IMX174, baƙi da fari, fiksel 1936 a 1216, kowane fiksel maikuromita 5.86. Babban abin da ya sa ta dace da wannan aiki shi ne tana ɗaukar dukan fuskar sensa a lokaci guda. Mafi yawan kyamarorin hoton duniyoyi, irin su ASI290MM, layi-layi suke karantawa daga sama zuwa ƙasa, kuma idan abu yana gudu a fili ko hannu ya girgiza, kafin a kai layin ƙarshe ya gusa, sai fukafukan sola su fito a karkace ko a lanƙwashe. Irin wannan firam, wato hoto guda daga cikin bidiyo, ba ya haɗuwa da ɗan'uwansa wajen tarawa, wato haɗa firam da yawa su zama hoto ɗaya. Da ASI174MM firam zai iya yin dishi-dishi, amma siffarsa ba ta gurɓata.

Kuɗin da ake biya shi ne girman fiksel. Kai tsaye a milimita 1,200, kowane fiksel yana ɗaukar sakan ɗaya na kusurwa, tashar ta tsaya a fiksel 53 kacal, an yi asarar rabin abin da madubin ke iya nunawa. Da Barlow mai ninka biyu fiksel ya koma rabin sakan, tashar ta haura fiksel 100, kowane fiksel kusan mita ɗaya a jikinta, fili kuma minti 16 a 10 na kusurwa (minti ɗaya na kusurwa sakan 60 ne). Idan bututu na tsaye, tashar tana ratsa wannan fili cikin rubu'in sakan. Barlow mai ninka uku yana kai ta fiksel 160, amma fili ya matse zuwa minti 11 a 7, haske ya ragu fiye da rabi. Sai hannu ya faɗa sosai ake zuwa nan. Hayaniyar karatun wannan sensa, wato ɗige-ɗigen da ita kanta ke ƙara wa hoto, ta fi ta sababbin sensoci, kuma idan aka ɗaga Gain, saitin da ke ƙara wa hoto haske, sosai ana ganin 'yan ratsi a wuraren duhu. A kan abu mai haske irin ISS wannan ba ya damun hoto da yawa.

Tsawon buɗe kyamara ga haske shi ne inda sababbi suka fi faɗuwa. A milisakan ɗaya tashar tana gusawa sakan 3.6 na kusurwa, fiksel bakwai ke nan idan bututu bai motsa ba. A rabin milisakan fiksel uku da rabi ne, kuma idan hannu yana binta da kuskuren kashi ɗaya cikin biyar na gudunta, gusawar ta koma ƙasa da fiksel ɗaya. Don haka a tsaya tsakanin milisakan 0.4 da 0.8, sauran hasken a nemo shi da Gain. Kada a gwada saiti a kan Mushtari, domin hasken rana da yake samu ya gaza namu sau 27, saitin da ya dace da shi zai ƙone tashar ta zama farin dunƙule. Wata ya fi dacewa, tunda rana ɗaya ke haska shi da tashar daga nisa ɗaya, sai dai fararen sassan tashar sun fi ƙasar wata mayar da haske nesa ba kusa ba. A saita yadda wurin da ya fi haske a jikin wata zai tsaya ƙasa da rabin jadawalin haske da manhajar ɗaukar hoto ke nunawa, a fara daga nan, a gyara a wucewa ta gaba. Hoton da ya yi duhu ana iya ɗaga shi daga baya, wanda ya ƙone ya tafi ke nan.

Kyamarar tana kai firam 164 a sakan a yanayinta mafi sauri, amma kwamfuta ce ke yanke hukunci. Firam ɗaya a bit 8 megabait 2.35 ne. A firam 100 a sakan, minti uku firam 18,000 ne, kimanin gigabait 42. Dole a samu SSD da mashigar USB 3.0 ta gaskiya, a ajiye bidiyon a tsarin fayil na SER ta manhajar ɗaukar hoto ta FireCapture ko SharpCap. Wayar USB ita ma abin lura ce, domin bututun zai share rabin da'ira. A ɗaure ta a jikin bututu kusa da inda yake lilo, a ajiye laftop a ɓangaren da tashar za ta fi tashi, a gwada juyawar gaba ɗaya tun kafin lokaci. Doguwar waya marar ƙarfafawa da ta wuce mita 3 takan jawo zubar firam.

Shafin intanet na Heavens-Above yana ba da lokacin ɓullowa, tsayin wucewa da inda tashar za ta shige inuwar duniya. A sake dubawa a ranar, saboda ana ɗaga kewayen tashar lokaci-lokaci. A kunna ɗauka tun tana digiri 20, a manta da allo, ido ya tsaya a giciye. Mafi yawan firam za su fito baƙi wuluk, haka abin yake. Manhajar PIPP za ta tsamo waɗanda ke da tashar, ta kawo ta tsakiya, ta yanke gefe. Wajen tarawa a manhajar AutoStakkert! kada a haɗa firam da suka yi nisa da juna, domin fuskar da tashar ke nuna wa mai kallo tana sauyawa a kan idonsa. A tara na cikin sakan ɗaya ko ƙasa da haka, a ɗan kaifafa a manhajar RegiStax. Sau da yawa firam guda mai kyau ya fi tarin ashirin.

Tashar Sin, Tiangong, wadda aka harba jigonta Tianhe a 2021, kusan rabin ISS ce a tsawo, kuma wannan haɗi yana fitar da siffarta. Hubble, madubin hangen nesa da ke kewaya duniya, mita 13 ne kawai a tazarar kimanin kilomita 500, fiksel goma ke nan, ɗan sanda kawai za a gani, kuma karkatar kewayensa digiri 28.5 ce, don haka waɗanda ke nesa da layin Ikwaita ba ya tashi musu sama sosai.

Wurin da wannan haɗi ya fi burgewa shi ne lokacin da tashar ke gilmawa ta gaban wata ko rana, irin hoton da Thierry Legault na Faransa ya ɗauka a Mayun 2009 na kumbon Atlantis da Hubble a fuskar rana. A nan raunin mazaunin Dobson ba ya shiga lissafi, tunda ba a bin komai. Shafin intanet na Transit Finder yana nuna siririn layin da za a tsaya a kai, mai faɗin 'yan kilomita. A cire Barlow, fili ya zama minti 32 a 20, ya ɗauki faɗin wata ta dogon gefe, a juya kyamara dogon gefen ya bi hanyar tashar. Gilmawar takan ɗauki sakan ɗaya ko ƙasa da haka, don haka a daidaita agogon kwamfuta da intanet, a fara ɗauka sakan goma kafin lokaci, a buɗe kyamara ƙasa da rabin milisakan. Idan rana ce, sai an rufe bakin bututu gaba ɗaya da tacen rana na ainihi irin Baader AstroSolar, an ɗaure shi yadda iska ba za ta cire shi ba, an kuma cire madubin saiti ko an toshe shi. Ana nemo rana ne da inuwar bututun a ƙasa, idan inuwar ta tsuke ta zama da'ira, an dace da ita.