PUBG da eFootball: wanne ne sai da kuɗi, wanne ne hannu kawai yake so

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayar da ka ajiye mana jiya da dare, ka ce kana aiki a bakala, wato ƙaramin shagon kayan masarufi, nan Jidda, in ka tashi kana ɗan taɓa PUBG Mobile da eFootball, kuma abokan wasanka sun dame ka wai in ba ka yi shahan ba, wato sayen kuɗin cikin gem, haka za ka ƙare ana cin ka, shi ne kake son a gaya maka gaskiya ko dole ne sai mutum ya zuba riyal kafin ya iya gogawa da manya. Wasu sun ce maka eh wasu sun ce a'a, kuma wallahi kowannensu yana da tasa gaskiyar, don gem biyun nan da ka haɗa a tambaya ɗaya ba kaya ɗaya suke sayarwa ba sam. PUBG kwalliya yake sayar maka. eFootball kuwa ƙarfi yake sayarwa, ko da bai fito fili ya faɗa ba.

Bari in fara da PUBG tunda shi ya fi cin kuɗin samarinmu a nan. Tun da Tencent suka sake shi a waya a 2018 tsarin bai canza ba ta wannan fannin: mutum ɗari ne kuke dira daga jirgi, kowa hannu rabbana, abin da ka tsinta a ƙasa shi ne naka. Wanda ya sayi shiddat, wato UC kuɗin cikin PUBG, na riyal dubu biyar da kai da ba ka taɓa sa ko halala ba, bindigarku M416 ɗaya ce, harsashinta ɗaya, abin da take cirewa a jikin mutum ɗaya. M416 ɗin nan mai fentin ƙanƙara da ake ta rububi a kanta, in an ɗaga mata daraja tana ƙyalli tana fito da sanarwa mai kyau in ka kashe mutum, shi ke nan aikinta, ba ta ƙara wa harsashi komai. Bindigar AWM ta harbin nesa ba a sayar da ita, daga akwatin da jirgi ke jefowa take fitowa, haka rigar ciyawar nan da ake ɓuya da ita, hula da sulke mai mataki na uku ma tsinta ake yi ko a ƙwata a jikin wanda aka kayar. Kai har ma kayan tsadar nan masu walƙiya wani lokacin cutar mai su suke yi, don in ka kwanta a ciyawar filin wasan Erangel ko Sanhok da farar riga mai haske tun daga nesa ake hango ka. To ka ga daga matakin Bronze har Ace, har Conqueror da ake ba mutum 500 na farko a kowace saba, wato yankin da kake bugawa, babu ƙofar da aka ce sai da UC ake buɗe ta.

Yanzu juyo eFootball. Shi ne tsohon PES da muka sani, Konami suka canza masa suna suka mai da shi kyauta a 2021, kuma tun daga nan hanyar cin abincinsu ita ce katin ɗan wasa. Manyan kuɗin da ke ciki iri biyu ne, GP da kake samu ta hanyar buga wasa, da koyin da ake ba ka kaɗan kaɗan amma yawancinsa saya ake yi. Da GP za ka ɗauki 'yan wasa na yau da kullum kuma suna da kyau, ba na raina su. Amma katunan nan na Epic da Big Time da Show Time da koyin ake jan su, kuma ba launin kati kawai ya bambanta su ba, lambobinsu sun fi, gudu da ƙarfin jiki da bugun raga duk sun fi, ga ƙarin da ake liƙa musu wanda ke ɗaga wasu lambobin sama. Wato in ku biyu kun iya daidai wa daida, shi yana da mai tsaron baya irin wannan kai kana da na GP, ƙwallon da za a yi tsere a kanta shi zai riga ka, ta sama ma shi zai ɗauke. Wannan ba zargi ba ne, a rubuce yake a jikin katin kowa na gani.

Amma kada wannan ya karya maka gwiwa, don akwai inda ya tsaya. Dibishin na eFootball daga 10 yake hawa zuwa 1, kuma a ƙananan da na tsakiya abin da ke cin wasa shi ne sanin lokacin ba da ƙwallo, da rashin fizgo masu tsaron baya daga wurinsu, da zaɓen koci da tsarin da ya dace da 'yan wasanka, da raba makin horo yadda ya kamata maimakon ka bar wa na'ura ta raba maka. Sau nawa muke ganin yaro da tim cike da tsofaffin taurari ana zura masa huɗu biyar saboda gudu kawai ya sani. Sannan Konami suna raba katuna masu kyau kyauta lokacin bukukuwansu da koyin na shiga kullum da na gasa, wanda ya iya haƙuri ya tara bai watsar a kowane sabon akwati ba, cikin wata biyu uku zai haɗa tim ɗin da ba za a raina ba. Inda abin ke fara ciwo shi ne can sama, wajen dibishin 2 da 1, don a can kowa ya iya, kuma idan kowa ya iya to ɗan bambancin katin nan shi ke raba gardama. Ana kaiwa ba tare da kuɗi ba, akwai masu kaiwa, sai dai za ka sha wuya fiye da mai saya kuma gara ka sani tun yanzu.

To a PUBG me ke raba gardama in ba UC ba? Waya da shabaka, wato intanet, kuma a nan ne nake ganin mutanenmu suna juya lissafi. Za ka ga mutum ya kashe riyal ɗari shida a kan kayan sawa na cikin gem amma jawwal ɗinsa, wato wayarsa, in an yi minti ashirin ya ɗau zafi ya fara tsinkewa, hoto 30 yake ba shi a daƙiƙa alhali abokin karawarsa yana kan 60 ko 90, wato wancan yana ganin motsinka kafin kai ka ga nasa. Ga bing, lambar nan da ke kusurwar allo, in tana wasa tsakanin 20 da 40 kana lafiya, in ta haura 100 to kana harbin inda mutum ya riga ya bari ne. Mu a nan Allah ya taimake mu, akwai sabar Gabas ta Tsakiya kuma layukan STC da Mobily da Zain duk suna da 5G a manyan garuruwa, ka gwada ka ga wanne ya fi kamawa a ɗakinku, don wani gini a Karantina ko Sabil layin da ke aiki a bakin titi ba shi ke aiki a ciki ba. Sai abin kunne mai kyau don jin takun mutum da gane ta ina yake zuwa, sai koyon wasa da yatsa uku ko huɗu da juya waya wajen danne tashin bindiga, sai abokan wasa uku da kuka saba kuna magana. Ka ga gaskiyar magana PUBG ma yana cin kuɗi, sai dai ba a shagon cikin gem ake biyan su ba. Shi eFootball bai kai haka son babbar waya ba, amma shi ma in shabaka na rawa za ka danna fasin sai bayan an ƙwace ƙwallon ya fita.

Tunda na san akwai 'yan Free Fire da yawa a cikinmu, shi a tsakiya yake. Garena sun sa wa mutanen cikin gem ɗin baiwa daban daban, kamar Alok da ke ƙara jini da saurin gudu, kuma fentin bindigoginsu yana canza ƙarfin harbi ko saurinsa, wanda PUBG bai yi ba. Hujja a kan cewa abin yana da tasiri ita ce a gasa ta gaske kashe wannan ƙarin ake yi don kowa ya zo daidai. Yanzu dai an sassauta, ana samun mutanen da zinaren cikin gem ba sai da jawahir ɗin da ake saya da kuɗi ba. Clash of Clans kuma lokaci yake sayarwa, ginin da zai ɗau kwanaki mai kuɗi ya gama shi yau, kai ka jira, amma inda ya je kai ma za ka je.

Abin da ya fi damuna, kuma a nan gem biyun naka suka zama ɗaya, shi ne yadda ake karɓar kuɗin. Da a ce za su ce ga kati ko ga bindiga riyal hamsin ka biya ka ɗauka, da da sauƙi. A'a, akwati ne ko juyi, ka biya a juya, ko ka samu ko ka tashi da tarkace, sai zuciya ta ce saura kaɗan ƙara ɗaya. UC 60 wajen dala ɗaya ne, kusan riyal huɗu, ka ga kamar ba komai, to haka ake tafiya da huɗu huɗu da arba'in arba'in har albashin sati ya tafi ba ka ji fitarsa ba tunda katin bankinka na mada na maƙale da wayar, yatsa kawai za ka ɗora. Kamar tulu ne mai ɗan tsagu a gindi, ba ka ganin zubar sai ka zo sha. Ba mu kaɗai muka ga haka ba, ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ce irin waɗannan akwatunan da ake saya da kuɗi caca ne a dokarta, Apple kuma tun ƙarshen 2017 ya wajabta wa masu gem su nuna kashi nawa cikin ɗari ne damar samun kowane abu, don haka kafin ka juya ka danna wajen bayanin ka karanta lambar da idonka, sau da yawa babban abin da ake tallar bai kai kashi ɗaya ba. A Amurka ma a 2022 kamfanin Epic mai Fortnite ya amince zai biya dala miliyan 520, daga ciki miliyan 245 na mayar wa mutane ne saboda yadda aka tsara maɓallan saye har mutane da yara suna sayen abin da ba su yi niyya ba. Ni dai a raina abin ya yi kama da caca ƙwarai, hukuncinsa kuma ka tambayi malaminka, amma ni ba na son ganin ɗan'uwana da ya baro gida, ga kuɗin iƙama ga haya ga su Inna suna jiran saƙo ƙarshen wata, yana zuba guminsa a abin da ba a ma tabbatar masa zai samu ba.

Kuma ka lura ba ƙananan mutane ke wannan kasuwar ba. Kamfanin Savvy na asusun jarin gwamnatin Saudiyya ya sayi Scopely, masu Monopoly Go, a kan dala biliyan 4.9 a 2023, gem ne na kyauta su ma, to ka san kyautar nan akwai inda take mayar da kuɗinta. A ɗaya gefen kuma gasar duniya ta wasannin gem da aka fara a Riyad a 2024 an raba fiye da dala miliyan 60, akwai PUBG Mobile da Free Fire a ciki, kuma duk wanda ya hau dandalin nan hannunsa da atisayensa ne suka kai shi, ba a tambayar kowa rigar nawa ya saya.

Don haka in ni ne kai, a PUBG ba zan sa ko riyal ɗaya don neman nasara ba, in ina da rarar kuɗi waya zan tara wa ko in gyara shabaka. In kwalliyar ce ke burge ka, ba laifi ba ne mutum ya so abu mai kyau, ka sayi Royale Pass kawai, wato tikitin da ke ba ka kaya mataki mataki kana wasa, tunda shi ka san abin da za ka samu tun kafin ka biya, kuma in ka kammala shi yana dawo maka da UC da za ka sayi na gaba. A eFootball kuma ka fara buga wata biyu ba saye, ka ga dibishin da hannunka zai kai ka, in ka tsaya cak kuma ka tabbata kati ne ya tsayar da kai ba tsaron bayanka ba, to ka sayi irin fakitin da ke nuna maka ɗan wasan da za a ba ka kai tsaye, ka bar na juyi. Ka yanke wa kanka abin da ba zai taɓa kuɗin gida ba, ka sayi katin Google Play ko na Apple na daidai wannan adadin a shagon Jarir ko ma a bakalarku in kuna sayarwa, ka cire katin banki daga wayar gaba ɗaya, in na watan ya ƙare ya ƙare.

Sannan don Allah masu turo maka saƙo wai suna shahan da rabin farashi ka ba su imel da lambar sirrinka, kada ka kula su. Ko su gudu da akawun ɗin gaba ɗaya, ko su yi shahan da katin sata daga baya kamfani ya rufe naka, kuma ba wanda zai dawo maka da shi. Shahan na gaskiya lambar ɗan wasa kawai yake buƙata, wadda ke ƙarƙashin sunanka a cikin gem.